Sunan Fasinja Kafin Ƙafarsa Ta Shiga Jirgi

Mai girma shugaban taro, iyayenmu hakimai da dagatai, malamanmu da fastocinmu, 'yan'uwana direbobin jiragen ruwa, iyayenmu mata masu kifi, jama'ar Warra baki ɗaya, assalamu alaikum. Ni Sahabi, a madadin ƙungiyar masu jirage, ina godiya da kuka bar kasuwa da gona kuka amsa kiranmu.

Tun zamanin iyayenmu, sai jirgi ya kai tsakiyar ruwa muke karɓar kuɗi, domin a can babu mai guduwa. Muna ƙirga naira, ba ma ƙirga mutane. Shekara ashirin na yi a haka, ina ganin ni mai wayo ne.

Shekara uku ke nan da jirgina ya kife. Na fita, wasu ba su fita ba. Washegari Inna Hawwa, mai suyar kifi a nan bakin ruwa, ta riƙe mini riga ta ce, "Sahabi, ba diyya nika biɗa ba. Ɗana Zaidu, shina cikin jirginka?" Ban sani ba. Ba mu kai wurin karɓar kuɗi ba, ban duba fuskar kowa ba. Ba a ga gawarsa ba, ba a kuma ji labarinsa ba. Wannan kunya da ita nake kwana.

Saboda haka, ga abin da muka yanke. Na farko, daga kasuwa mai zuwa direba zai tura maka buƙatar biya a wayarka tun kana tudu. Ka amince, kuɗi su shiga asusun ƙungiya nan take, da sunanka, da lokaci. Na biyu, wanda ba shi da asusu ya je wurin mai POS, a sa sunansa cikin bayanin turawa. In ka biya wa mutum uku, a ga suna uku. Na uku, in adadin da jirgi ke ɗauka ya cika an rufe, ko surukin direba ne ya zo.

Na ji masu cewa sabis yana ɗaukewa, za a ɓata lokaci. Gaskiya ne, za a jira. Amma ga Inna Hawwa can zaune a sahun gaba. Duk ranar kasuwa tana duba masu sauka daga jirgi ɗaya bayan ɗaya. Wanda jiran minti goma ya dame shi, ya je ya faɗa mata.

Allah ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, ya ba Inna Hawwa labarin ɗanta, ya mai da kowa gidansa lafiya. Na gode.