Baƙon Da Ya Zo Karɓar Nomau

Salamu alaikum Malam mai karanta wasiƙu, gaisuwa gare ka da masu sauraro. Ni ce Ladi, mai tuƙa tuwo a wani gidan marayu nan Malumfashi.

Shekara bakwai ke nan da aka kawo mana wani yaro, Nomau, daga wajen Mahuta. Iyayensa duka sun rasu, shi kuma ƙyanda ta bar shi ƙashi da fata. Da cokali na dinga ba shi kunu. Yau in ka gan shi da fartanya sai ka rantse da ita aka haife shi. Gyaɗar da ya noma a bayan gida muke ƙuli da ita.

To, ran Juma'a sai ga wani mutum da goronsa, wai ƙanen uban Nomau ne, ya zo ɗaukar ɗansa. Bai tambayi lafiyar yaron ba, dantsensa ya dinga latsawa kamar mai taya ɗan maraƙi. Na dubi fuskarsa, tsagar kumatunsa daban, ta Nomau daban. Yaushe gida ɗaya ya yi aska biyu? Nomau ya raɗa mini, "Inna, ni ban san shi ba."

Na gaya wa ma'aikacin jin daɗin jama'a, ya ce in koma kan tukunyata.

Malam, ga tsinkar auduga ta ƙarato, kowa hannu yake nema. A ba ni shawara, wa zan kai wa kuka? Ina wannan baffan yake lokacin kunu da cokali?