Man Shanun Surukina

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Sunana Bukar, ina sayar da bandar kifi a kasuwar Gashua.

Watan jiya jiri ya ɗebe ni a rumfa, aka kai ni asibiti. Likita ya auna jinina, ya ce kitse ya yi yawa a ciki, yana ƙuntata hanyoyin jini, in ban kiyaye ba hawan jini zai kama ni. Ya hana ni maiƙo.

To, surukina makiyayi ne. Duk ranar kasuwa sai ya kawo mini ƙwaryar man shanu, ya tambayi 'yarsa ko na cinye na wancan makon. Ita kuwa ba ta yi wa ubanta ƙarya.

Rannan na cije na ce, "Baffa, likita ya ce jinina ba lafiya."

Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Shi ya sa ka rame! Rashin mai ne."

Da kasuwa ta zagayo, ƙwarya biyu ya kawo.

Jama'a, likita zan bi ko suruki? Don Allah ku hanzarta da shawara, jibi kasuwa.