Manniru Global Ya Shiga Duniya

A tashar motar Kubwa wani mai kilishi, Manniru, ya ba da sanarwar cewa shagonsa na Gudu ya shiga duniya. Matar da ke gefensa a benci ba ta tambaye shi ba.

"Website, Hajiya. Manniru Global. Da hannuna na haɗa shi, babu wanda ya koya mini."

"Ana saye?"

"Wata biyu ko mutum ɗaya bai kira ba, ga wanda ya ba ni hayar shagon yana maganar ya ba wani. Amma ni positive mindset gare ni. Kullum da safe sai na ce wa madubi, Oga, kai babba ne."

"Madubin ya saya?"

"Yi dariyarki. Website ɗin maƙwabcina Habibu na kwafa, nawa ma ya fi kyau. Shi dai sa'a gare shi, kwanan nan wayarsa ba ta hutawa."

"To bari in buɗe maka kasuwa."

Ta shiga shafin, ta danna lambar da ke ƙasa, ta sa a sifika. Manniru ya zaro wayarsa, ya gyara murya. Wayar ko motsi.

Daga tata aka ce, "Salamu alaikum, Habibu mai kilishi ne. Ina za a kawo?"