Shuɗin Fenti a Kan Kwalta

Ina zaune a ƙofar shagon wanki a bayan garin Toledo, shi kaɗai ya rage cikin jerin shaguna goma sha huɗu, sai wata tsohuwa ta tare wani mai fesa shuɗin fenti a kwalta.

"Kai ɗan nan! Rushewa za ku yi ko? Haka kuka fesa kafin ku cinye gidan silima."

"Mama, ni bututun ruwa nake bi."

"Ruwan me? Wa ya rage da zai sha? Da can ranar Asabar sai ka zagaya sau uku kafin ka sami wurin ajiye mota. A nan mijina Vernon ya saya min zoben aure. Ana buɗe katafaren kantin bakin babbar hanya, kowa ya watse."

"To, tsohon kantin can na ƙarshen layin nan za a gyara. Masu wankin ƙoda ne za su shigo, injinansu kuwa ba sa ƙoshi da ruwa."

Ta waiwaya ta dubi tsohon kantin.

"Wankin ƙoda? A nan?"

"Kafin sanyi ya shigo."

"Sau uku a mako nake kai Vernon a mota mil ashirin zuwa wankin nan. Likita ya ce idona ba zai kai baɗi a kan titi ba. Ko Vernon ban gaya wa ba."

"Ina gidanku?"

"Ga shi can bayan katanga. Ko a kujera mai taya zan iya turo shi."

Ta goge ido da bayan hannu.

"To tsayuwar me kake yi? Fesa mana, malalaci!"