Kazar da Ta Riga Mai Ita Warkewa

A kasuwar Gummi ina kallon kaji kawai, tunda ba ni da mai dafa min. Wata mata ta tsaya gaban wani mutum mai dogara sanda, da kaza a hammatarsa.

"Malam, mi ya samu ƙafar kazar ga?"

"Mai ɗori ya karya ta ran da ya ɗora tawa. Ya ce ran da ta taka, ni ma na warke."

"To ai ta warke garau. Kai kuma har yanzu sanda?"

"Hajiya, ita kaza ana tura ta gona? Tun farkon damina ƙannena ke yi min noma. Shekaranjiya ta bi fara da gudu, gaban Inna!"

"Shi ne ka kawo ta nan."

"Tun daga Nasarawa Burkullu. A gida in ce shaho ya ɗauke ta. Saye ki yanka, in samu in kai kaka ina kwance."

Matar ta dubi kazar, ta dubi sandar.

"Shaho ka ce?"

"Awo, shaho."

"Maigidana wata biyu ke nan kwance da karaya, ni da yara muke noma. Tashi kazar ma, shaho ya ce."

"Allah ya ba shi lafiya."

"Zai samu. Yau ɗin nan."