Turakun Bakin Kogi Sun Tsufa a Inda Suke

Shugabar taro, Uwargida Paraschiva, limamin cocinmu, dattawan masunta, matan gari da samarinsa, barkanmu da haɗuwa. Ni ne Ifrim, kun san ni. Na gode da aron lokacinku, na gode da miyar kifin da kuka aiko ranar da na zama kaka.

Maganata kan tudun yashin bakin kogi ce.

Na farko, abin da na koya a makarantar yamma bayan na yi furfura. Kogin Danube yana ɗauko yashi tun daga duwatsu. Idan ya iso teku gudunsa ya mutu, sai ya sauke kayansa. Igiyar ruwa ta turo yashin baya, ta tara shi, iskar arewa kuma ta riƙa jansa kudu. Yau yana ƙarƙashin ruwa, gobe tsuntsu ya sauka a kai, jibi ciyawa ta kama shi. Tudun tafiya yake, ba ya jiran kowa.

Na biyu, mu ne ke jira. Sau ɗaya a shekara muke kafa turakun nuna wa jiragen ruwa hanya, ranar bikin coci, a yi musu addu'a, shi ke nan. Ko hadari ya sauya hanya, ba mai taɓa su.

Da safen da naƙuda ta kama 'yata Varvara, maƙwabcina Calistrat ya ɗauke mu a jirgin ruwansa zuwa asibiti. Ya bi turaku daidai, jirgi ya kafe. Na ce, "Kai maƙwabci, ina idonka?" Ya ce, "Tsoho, ni na bi hanya, hanyar ce ta gudu! Sauka ka tura." Muna turawa, ruwa iya gwiwa, muka ji kuka. Jikata Ustinia ke nan, lafiya lau, da muryar da ta tashi agwagi!

Allah ya kiyaye. Amma mata uku ke da ciki a garin nan, ga hunturu tafe.

Don haka ina roƙo, jama'a, ina roƙo: bayan kowane hadari a auna zurfi, a matsar da turaku. Na tambayi liman, ya ce addu'ar tana bin turke duk inda aka kai shi. Jirgina yana nan, ni zan fara. Mai biyo ni ya ɗaga hannu.

Calistrat, na ga naka.

Allah ya tsare masu fita, ya dawo da su, ya sauki matanmu lafiya, a kan gado.

Na gode.