Labule Arba'in

A bencin tashar mota, wani tela mai ɗaurin yadi a cinya ya gaji da jiran mota ta cika, sai ya juya ga dattijon da ke gefensa.

"Baba, ka ji wai gwamnatin jiha ta tsuke bakin aljihu? Labule arba'in aka ce in ɗinka wa ofisoshi. Na sayo yadi, shekaranjiya aka soke aikin."

"Kuɗin shiga ne suka ragu, Malam. Ko labule, ko albashin malaman makaranta."

"Matata malama ce, jiya aka biya su. Amma wanda ya soke labulen nan, Allah ya sa rana ta gasa masa ƙeya."

"Tana gasawa kuwa, tun ranar da na soke. Teburina ne a bakin taga."

Telan ya ƙare wa dattijon kallo, har idonsa ya faɗa kan aljihun rigarsa da ya ɓarke. Sai ya zaro allura daga hularsa.

"Ranka ya daɗe, kai naka aljihun ta ƙasa yake zuba. Matso in ɗinke."

"Nawa zan biya?"

"Bar shi. Albashin da ka bari ne ya ɗora mana tukunya yau."